Igiyar da Na Ƙara wa Jakar Dije

Ku ukun nan da kuka zo zauren Gwaggo Talatu makon jiya, kowacce da waya a hannu, kuna cewa kun ga yadda ake ɗinka jaka a bidiyo kuma duka-duka minti huɗu ne, ku na rubuta wa wannan. Da baki na so in faɗa muku, amma Gwaggo ta hana surutu a kan allon yanka tun ranar da na zabtare wa wata fata gefe ina ba da labari. Na san shekara ɗaya kacal na ba babbarku. To amma shekarata uku a sana'ar nan, kuma shekara uku a gaban Gwaggo ta fi talatin a wani wurin. Ku dubi babban yatsana na hagu. Basilla ta shige shi ta fita har na daina ƙirgawa, yanzu in na sha ruwa sai na dunƙule hannu don kada ya tsiyaye.

Aikin farko da aka ba ni shi ne shafa gam. Kakanmu baduku ne, da fata ya ci da gidansa. Babana ya ce shi hancinsa ba zai iya ba, ya koma Gagarawa ya kama noma, yayarsa Gwaggo Talatu kuwa ta kwashe kayan aikin ta taho da su gidan aurenta a Gumel. Da na gama ƙaramar sakandare Baba ya sa ni a mota ya ce, Balaraba, je ki koyi abin da na guje wa. Na sauka da tunanin washegari zan hau keken ɗinki. Gwaggo ta miƙo mini gwangwanin gam da guntun kwali. Wata tara ina shafawa. Gam ba a lafta shi kamar man shanu a miya. Siriri ake ja, a bar shi ya sha iska har in an taɓa ba ya kama yatsa, sannan a haɗa a bi da guduma a hankali. Wanda ya yi gaggawa, bayan kwana uku aikinsa zai wage baki a hannun mai saye. A watannin nan babu abin da ban manne da shi ba. Akwai ranar da na miƙe zan amsa sallama, tabarma ta biyo ni har bakin ƙofa.

Kayan aikin nan da kuke ɗauka kuna jujjuyawa, kowanne da dokarsa. Wuƙar nan mai lanƙwasasshen baki ta Kaka ce, ba ta taɓa komai sai fata. Sau ɗaya na fere rake da ita, na yini biyu ina wasa ta a dutse. Tsohuwar kwalbar da ke kan taga ba shara ba ce, da ita ake goge fata har ta yi sheƙi. Shi kuwa keken nan mai feda, Gwaggo ta fi tausayinsa a kanmu duka. In ya yi tari sai ta ɗiga masa mai tana lallashi. In ni na yi tari sai ta ce in matsa daga kan fata.

Zuwana na farko majema a Sule Tankarkar ba zan manta ba. Wurin Malam Idi majemi muke saye, shi ke jeme fatar akuya da bagaruwa har ta yi laushi. Warin wurin ya bi ni gida, kwana uku kuliyoyin unguwa suna raka ni sayen ƙosai. A can na ga yadda Gwaggo ke zaɓe. Ba ta tambayar kowa komai. Ɗaga fata take yi ta sa ta tsakaninta da rana, duk inda wuƙa ta ci ko ƙaya ta karce sai haske ya tona. Fatar layya kuwa ko kallon kirki ba ta yi mata, domin ranar Sallah kowane maigida mahauci ne, sai ka ga tsakiyar fata kamar rariya. Malam Idi yakan haɗa mana da irinsu a matsayin gyara, mu jibge su a bayan ƙofa. Mu muke rini a gida: ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Wadda ta tsoma hannu a kuloko ranar Litinin, da baƙin hannu za ta je masallacin Juma'a.

Ina cikin wannan bautar aka kawo Dije.

'Yar ƙawar Gwaggo ce daga Maigatari, sa'ata ce, shiru-shiru, irin mutanen nan da ke cewa sannu kafin ka yi atishawa. Ni dai ba ƙyashi gare ni ba, kowa ya sani. Abin da na gani kawai nake faɗa. Gam ɗin da na yi wata tara a kansa, ita mako shida ta yi. Ɗinkinta na hannu in kun gani kwa ce tururuwa ce ta jeru za ta gaisuwa. Wata na uku Gwaggo ta kakkaɓe kujerar keke da gefen zaninta ta ce Dije ta zauna. Ni a lokacin an ƙara mini girma daga gam zuwa yankan igiyar ratayawa, wato daga ƙasan rijiya an ɗago ni taki ɗaya. Ina zaune ina jin keken yana mata waƙa, keken da in na gifta ta gabansa zarensa ke tsinkewa. Har gam ɗin ma bai taɓa manne mata a zani ba. Na sa ido sosai, ban gani ba.

Sai shekarar da aka rufe boda ta zo. Kafin nan kusan duk abin da muke yi na maza ne: alabe na ajiyar kuɗi, kuben wuƙa, gafakar Alƙur'ani. Ranar Alhamis mijin Gwaggo yakan kai Maigatari, 'yan kasuwa daga Nijar su kwashe. Rana ɗaya suka daina zuwa. Buhun da ya tafi da safe shi ke dawowa da yamma, ko ɗaurinsa ba a kwance ba. Ga fata ta yi wuyar samu, domin masu sayen ganda sun fi majema sakin hannu. Malam Idi ya ce yanzu abin da ya kamata a rataya a kafaɗa ana tauna shi a miya. A wannan tsakanin Baba ya aiko cewa in babu aiki a Gumel, zoɓo ya kusa nuna, kuma hannu biyu ba sa yi masa yawa.

Ku da aka haifa a cikin gari ba ku san ɓarar zoɓo ba. Zama ne daga hantsi har rana ta faɗi, kana raba jan furen da ƙwallon cikinsa, ƙaiƙayi yana hawa daga yatsa har bayan kunne. Na yi tun ina ƙarama. Na fi son in auri gwangwanin gam.

Gwaggo ta tara mu ta ce tunda na nesa sun daina zuwa, sai a nemi na kusa. Matan Gumel suna rataya jakar roba ta kanti wadda ke saɓulewa kafin Sallah ta zagayo, to mu za mu yi musu ta fata. Fatu masu kyau goma sha biyu suka rage mata. Kowaccenmu ta zana tata jakar, ta ɗinka guda uku. Akwai suna a gidan wani mai sayar da hatsi, mata za su cika, za ta rataya wa ƙawayenta shida su shiga da su. Wadda mata suka biyo sawun jakarta, ita za a ba sauran fatun, a kai wa maƙeri ya ƙera mata hatimi da sunanta. Ɗayar kuwa, in aiki bai ishi mutum biyu ba, ta san hanyar tasha. Ta faɗi haka tana kallon bango, amma a ɗakin nan mutum ɗaya ce ubanta ke da gonar zoɓo.

Jakata ta farko na zana ta a kwali sau goma sha ɗaya. Na kwashe kwanaki ina kallon jakunkunan matan birni a waya, na ga duk ƙanana ne, igiyarsu gajera, suna maƙale a hammata. Na yi tawa haka, amma na fi su. Baƙar fata na sa a ƙasa, na huhhuda ja da bakin wuƙa na ɗora a kai, taurari da ganyaye, har babu inda ƙuda zai sauka bai taka ado ba. Kowace fuska ɗaya kwana biyu ta ci. Ga rage kaurin baki don ya naɗu, ga shafi na ciki, ga zif wanda na fara sa shi a juye sai da na farke. Da na gama na jera su uku a taga na ja da baya, na ji tausayin Dije har na kusa ba ta haƙuri. Na riga na fara gwada yadda sunana zai zauna a hatimi, duk bayan kwalayen zauren nan Balaraba ne.

Ta Dije kuwa ja ce fayau, mai faɗi, kamar burodin 'yan shayi. Babu komai a fuskarta. Can ƙasa kawai ta ja baƙin layi ta rataya tuntu uku, shi ma don ta rufe wani tabon ƙaya ne. Na yi dariya a cikina. Sai na ga Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta zura hannu ciki har gwiwar hannu, ta juya ta, ta shinshina, ta ajiye a hankali kamar ƙwai. Tawa da ta ɗauka cewa ta yi, an sha aiki. Kalma uku. Na yini ina juya su ban sami yabo a ciki ba.

Yanzu ku saurara, don nan ne sana'ar take. Igiyar jakunkunan duka shida ni zan yanka, aikina ne. Dije ta ce tata taƙin hannu biyar take so, jaka ta tsaya a ƙugu. Ni kuwa na ƙudura sai na yi mata takwas, yadda jakar za ta riƙa dukan gwiwar mai ita kamar ƙararrawar jaki, mata su yi ta dariya. Matsalar ita ce fatar akuya ba ta kai taƙi takwas ba, kuma in na yi haɗi Gwaggo za ta hango daga ƙofar gari. Na zauna ina hararar fatun layyar nan na bayan ƙofa. Tsakiyarsu ce ta lalace, gefensu lafiya lau. Sai na kafa wuƙa a gefe na bi da'ira, ina zagayawa ina shiga ciki kamar mai feren lemo, faɗin yatsa biyu, ba tare da na ɗaga hannu ba. Abin da ya fito a murɗe yake kamar maciji. Na jiƙa shi, na ɗaura a azarar rumfar bayan gida, na rataya masa dutse ya yini yana miƙewa. Na naɗe, na shafa gam irin na wadda ta yi wata tara, na bi da basilla. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Mugunta tana sa mutum ya natsu.

Da safiyar suna na ɗaura su, lokacin da ƙawayen Gwaggo suka riga suka cika zaure suna cewa a yi sauri. Dije ta ɗaga jakarta, ta bi igiyar da ido tun daga sama har ƙasa, ta dube ni. Gwaggo tana can tana neman mayafinta.

Mun bi su gidan sunan da sunan taya raba ruwa. Tun a bakin ƙofa na ga abin da ban taɓa tunani ba duk kwanakin da na yi ina huda taurari. Hajiya Mairo, wadda aka ba tawa mafi kyau, ta rataya ta a kafaɗa, ta ce masha Allah, sannan ta ja hijabinta ta saka. Jakata ta ɓace. Taurari, ganyaye, kwana da kwanaki na aiki, duk suka shige ƙarƙashin yadi. Abin da ya rage wani ƙullutu ne a hammata, kamar ta sato 'yar kaza. Matan da nake kallo a waya ba sa saka hijabi har cinya. Ni da nake sakawa kullum, ni da uwata da kakata, ban tuna ba.

Na waiga wajen Malama Uwani mai ɗauke da ta Dije. Ita ma ta saka nata hijabin. Amma igiyar taƙi takwas ta sauko da jakar daidai bakin hijabi, jan gindinta da baƙin layin nan suna leƙowa, tuntu uku suna rawa duk takun da ta yi. Ba ta dukan gwiwa, a gefen cinya take lilo abinta. Kuma in za ta ɗauki waya ba sai ta yaye komai ba, hannu kawai take saukewa. Kafin ta kai tabarma mata uku sun tare ta. Wata tsohuwa har da durƙusawa tana taɓa tuntun tana cewa, wannan mai leƙen fa daga ina?

Na yi iya ƙoƙarina. Na kai wa Hajiya Mairo ruwa sau huɗu ina tambayarta ko ba ta jin zafi, ga shi duk mata ne a tsakar gidan, ta ɗan cire hijabin mana ta sha iska. Ta ce sanyi ma take ji. Na ce ko za ta duba wayarta, kamar na ji tana ƙara. Ta ce ta bar ta a zauren Gwaggo, ai ba ta shiga jakar ba. Da aka zo rabon cincin da dubulan, masu jakar Dije suka zura ledojinsu ciki suka ja zif. Masu tawa suka riƙe a hannu. Ta ukun ma na hango ta a wuyan wata 'yar shekara huɗu, ta cika ta da ƙasa.

A makon nan mata suka yi ta sallama a zauren Gwaggo suna neman mai leƙe. Sunan da ya bi jakar ke nan har yau, ba wanda ya zauna ya raɗa shi. Tawa mutum ɗaya ta zo dominta, Hajiya Mairo, ta dawo da ita a cikin leda ta ce a ajiye wa jikarta.

Faɗuwar ba ta ƙona ni kamar abin da ya biyo baya ba. Duk wadda ta shigo sai Gwaggo ta ɗaga igiyar ta ce, ku dubi hankalin yarinyar nan Dije, ta lura da tsawon hijabi, abin da ni da furfurata ban lura ba. Kwana uku tana haka. Dije takan buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. A lokacin na ɗauka satar yabona take yi. Mugunta tawa, dutse nawa, yatsa nawa da ya huje, amma hankalin na Dije? A rana ta huɗu, gaban mata biyu da suka zo daga Maigatari, abin ya fi ƙarfina.

"Gwaggo, ni na yanka igiyar nan. Taƙi biyar ta ce, ni na mayar da ita takwas."

Gwaggo ba ta ɗago daga kan keke ba. "Na sani. A gidan nan wa ke yanka igiya in ba ke ba? Dalilin ne ban sani ba. Don ta yi kyau kika ƙara, ko don ta yi muni?"

Ga ƙofa a buɗe. In na ce don ta yi kyau, ba mai iya ƙaryata ni, wataƙila ma a raba hatimin biyu. Na ma shirya bakina. Sai na ga Dije ta sunkuyar da kai tana wasa da zare, na gane shirun da take yi kwana ukun nan rufa mini asiri ne. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Ta fi ni ɗinki, ta fi ni jaka, yanzu kuma za ta fi ni kirki a gaban baƙi.

"Don ta riƙa dukan gwiwa," na ce.

Matan Maigatari suka tuntsire da dariya, ɗaya har da share hawaye. Gwaggo ba ta yi ba. Ta tsayar da keken, ta ce karkataccen hannu tana iya miƙe shi ko shekara nawa zai ɗauka, amma wadda za ta sa wuƙa a aikin 'yar'uwarta don ta kunyata ta ba za ta zauna kusa da wuƙar Kaka ba. Ta ce in haɗa kayana, motar Gagarawa tana tashi bayan azahar. Dije ta fara ba da haƙuri, Gwaggo ta ce ita ma ta yi shiru, tunda shiru ta iya.

Baba bai tambaye ni komai ba. Kwando ya miƙo mini. Mako uku na yi a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar ƙofar gidanmu, ni da Inna da tulin zoɓon da ba ya raguwa, in ka ɓare ɗaya biyu suke haihuwa. Hannuna ya yi ja kamar na yanka rago. Matan maƙwabta suna zuwa ganin 'yar birni da ta dawo, suna tambaya ko na zo hutu ne. Wata rana na je tasha kai wa Baba saƙo, na ga wata mata ta sauko daga motar Gumel da mai leƙe a gefenta. Na bi ta a baya kamar ɓarauniya. Da iska ta ɗaga hijabin na ga igiyar: haɗi biyu a jiki, ɗaya ya fara buɗe baki. A gindin jakar ga hatimi sabo fil, Dije. Na dawo gida na ɓare zoɓo da ƙarfin da Inna ta ce in bi a hankali, ba shi ya yi mini laifi ba.

Ranar wata Talata da hantsi na ga mutum tsaye a kaina da ƙullin leda. Dije ce. Ta gaida Inna har ƙasa, ta zauna a gefen tabarma ta kwance ledar. Igiyoyi ne guda biyar, duk sun tsinke a wurin haɗi. Ta ce masu su sun dawo da su, ɗaya ma a tsakiyar kasuwa tata ta faɗi. Ta ce ta gwada yankan zagaye, ta ɓata fata biyu, nata yana fitowa wani wuri yatsa biyu wani wuri yatsa ɗaya, in an rataya dutse sai ya tsinke. Ga wasu 'yan biki a Maigatari sun ce a yi musu talatin kafin wata ya mutu. Gwaggo ba ta aiko ta ba, amma da ta ce za ta zo, Gwaggo ta ce kuɗin mota yana kan taga, kuma in wance za ta iya buɗe baki ta nemi gafara, ƙofar zaure ba a kulle take ba.

A rayuwata ban taɓa jin labari mai daɗin ɓacin fata biyun nan ba. Na sa ta maimaita.

Sai na gyara zama na ce zan duba, amma sai an sa sunana a hatimi.

"An riga an ƙera," in ji ta. "Amma na yi wa maƙerin magana, zai yi miki ƙarami. Ki buga a kan igiya."

"A kan igiya? Ƙarƙashin hijabi, inda ba mai gani?"

"To ai ke kika san tsawon da ake gani, Balaraba. Ni biyar na ce."

Inna ta yi dariya har zoɓo ya zube daga cinyarta. Na duba fuskar Dije ko tsokana ce, na ga ko gezau. Na ce to na ji, kuma abin da na yi ban kyauta ba, ta yafe mini. Na faɗe shi da sauri ina kallon kwando, amma na faɗa, Inna shaida ce. Ta ce ta yafe tun a gidan suna.

Baba da ya dawo daga gona ya ji bayani ya ce ba ya hana ni, amma ba inda za ni sai tulin nan ya ƙare, shi ba a bar masa aiki rabi. Na dubi tulin, na kwana biyu ne ga mutum biyu. Dije ta naɗe hannun rigarta ta ce a ba ta kwando. Na tambaye ta ko ta taɓa ɓarar zoɓo, ta ce a'a, su a gidansu awaki suke kiwo. Raina ya yi fari tas. Na matso kusa da ita na nuna mata yadda ake riƙewa, yadda ake murɗa ƙwallon ya fita ba a yaga furen ba, na ce kada ta damu in ta kasa, abin sai wanda ya tashi a ciki. Na gaya mata ƙaiƙayin zai sa ta kuka kafin azahar, kuma ba abin kunya ba ne.

Kafin la'asar ta cika kwando biyu, ni ina kan ɗaya da rabi. Ko susa ba ta yi ba. Inna ta ɗebo na Dije a tafin hannu, ta juya shi a rana, babu ko ɗaya da ya yage. Ta dubi nawa, ta dubi Baba, ta ce:

"Malam, ko Dije za mu riƙe, mu mayar wa Yaya Talatu tamu?"